Tambari uku cikin shekara biyu

Tambaya: Sana'ata yin sabulu. Ɗan yayana ne ke zana mini tambari a wayarsa, kyauta. Sau uku muna canzawa cikin shekara biyu. Na yanzu akwai rana, fure, kambi da cikakken sunana, launi biyar, amma ciniki bai motsa ba. Wane irin tambari ne zai jawo mini masu saye da yawa nan da nan?

Amsa: Malam, babu shi. Tambari ba ya sayar da sabulu. Aikinsa shi ne wadda ta saya jiya ta ji daɗi ta gane kayanka gobe a kanti. Kai kuwa sau uku kana ɓatar da ita.

Matsalarka tana cikin "ɗan yayana" da "kyauta". Yaron yana iya zama gwani. Amma wanda ba ka biya ba, ba ka da bakin ce masa aikinsa bai yi ba, balle ɗan yayanka da za ka haɗu da uwarsa gobe. Ya sa kambi ka yi shiru, ya ƙara fure ka ce madalla. Da abin ya ishe ka, maimakon ka ce a rage, sai ka ce a sake sabo. Kunya ce ta zana tambarin nan, ba shi ba.

Kuma ba tsada nake nufi ba. Alamar Nike, wata ɗaliba Carolyn Davidson ce ta zana ta a 1971, aka biya ta dala 35. Kuɗi kaɗan, amma ciniki ne: an biya, alama ta zama ta kamfani, yau shekara hamsin da ɗoriya ba su yar da ita ba. Kamfanin tufafi na Gap kuwa ya sauya nasa a 2010, masu saye suka yi ca, cikin mako guda ya koma tsohon.

Na san wani mai man shafawa da ƙanensa ya ɗauko hoto a intanet ya liƙa masa suna. Sai da ya buga kwalaye masu yawa sannan takardar lauya ta iso: hoton na wani kamfani ne mai rajista. Kwalayen suka tafi bola, zumuncin ma bai koma daidai ba. Ka taɓa tambayar yaron daga ina furen nan ya fito?

Ka nemi mai zane bare, ku yi tsada, ku rubuta cewa tambarin mallakarka ne. Ya ba ka ainihin fayil ɗin da ake ƙara wa girma ba ya dishewa, ba hoton da aka turo ta WhatsApp ba. Abu ɗaya, launi ɗaya ko biyu. A wasu na'urorin bugu kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. Kafin ka cika masa kuɗinsa, ka buga shi baƙi da fari, girman farce, ka kuma gwada matsa shi a jikin sabulun, inda babu launi ko ɗaya. In ya fito sarai, ka karɓa.

Daga nan sai rajistar alamar kasuwanci, kafin ka buga kwali ko guda. Ɗan yayan naka kuma ka ba shi kula da shafin tallarka, da lada, a rubuce.