Amsa kan matsalar fitsarin Baba

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce ya haura shekara 60, yana yawan tashi fitsari cikin dare, sai ya yi yunƙuri yake fita, bayan ya gama kuma ya riƙa ɗiga yana ɓata masa tsarki, an kuma ce masa sanyi ne. Ni ba likita ba ne, amma na yi jinyar mahaifina a nan Gombe kan irin wannan. Don Allah ku ajiye jiƙon maganin sanyi ku kai shi wajen likitan mafitsara.

Kowane namiji yana da wata 'yar tsoka da ake kira furostet, girmanta kamar goro, a ƙarƙashin mafitsara, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. Ita ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Daga shekara 50 takan ƙara girma ta matse hanyar. Yawanci ba cutar kansa ba ce, amma sai an gwada ake rarrabewa: gwajin jini na PSA, sannan likita ya taɓa ta da yatsa ta dubura. A nan dattawanmu ke turjewa. Mahaifina ma sai da muka sa amininsa ya lallashe shi kafin ya yarda, abin da ba ya cin ko minti biyu. A auna wa Baba sukari ma, shi ma yana sa yawan fitsarin dare.

An ɗora mahaifina kan maganin tamsulosin, cikin kwanaki fitsari ya saki. Sai dai yana sa jiri, don haka idan Baba zai tashi sallar Asuba ya ɗan zauna bakin gado tukuna. Maganin finasteride ke rage girman tsokar, amma sai ya kai wata 6 ake ganin aikinsa. In magani ya gaza, akwai aikin da ake yi ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba.

Abin da nake ji masa tsoro shi ne fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura. In haka ta faru ko tsakar dare ne ku tafi asibiti a sa masa roba, domin fitsarin da ya taru yana lalata ƙoda. Wasu magungunan mura na kemis kan jawo hakan, kada ya sha ba tare da ya tambayi likita ba. In kun ga jini kuma kada ku ce tsargiya ce kawai, a duba.

Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) a Bauchi duk suna da likitocin wannan fanni. Kai da kanka ka raka shi, amma ka jira a waje, zai fi sakin baki idan daga shi sai likita.