Giris ba dauɗa ba ne, sai da ya sha ƙura

Hajiya, kin ce yaronki ya kalli bayan kaskon suya ya ce "wannan ai ya yi giris", kina tambaya ko Hausa ce ko shirmen yaran zamani. Bari in tofa albarkacin bakina, don na daɗe ina yaron gareji a nan Tawa kafin in koma sayar da kayan mota.

Asalin giris ba ƙazanta ba ne. Mai ne mai kauri kamar man kaɗe, da ake cusawa cikin ƙafar mota da duk inda ƙarfe ke goga ƙarfe. In an buɗe sabon gwangwani, tsaf yake. Amma bari ya sha ƙurar hunturu da jar ƙasar Adar, sai ya koma baƙi ƙirin, ya yi danƙo, ya shige ƙarƙashin farce ya yi zamansa. Mu da gazuwal muke fara wanke hannu, sannan rairayi da Omo, duk da haka in na sa hannu a tuwo sai innata ta harare ni. Daga wannan baƙin ne yara suka ɗauki sunan suka liƙa wa duk wani maiƙo da ya kwana ya kama dauɗa: wuyan riga, bakin hula, bayan kasko.

Kalmar kuwa aro ce. Faransawa na cewa "graisse", Ingilishi na cewa "grease", kuma Ingilishin ma daga tsohon Faransanci ya samo, tushen duka Latin ne, "crassus", wato mai kauri. Har "crasse" da ƴan lakwal ke cewa in suna nufin dauɗa, gidansu ɗaya. To ta wace ƙofa ta shigo mana? Ni dai kunnena ya fi ba ni ta Ƙonni, a bakin direbobi da makanikan Najeriya. Da daga Faransanci muka ɗauka kai tsaye, da "geres" za a ji. Wasalin da muka soka a tsakiya kuwa halin bakin Bahaushe ne, ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma; haka aka yi wa birki da direba.

Abin da ke ɗan ba ni haushi, yara sun tattara komai sun ce giris, alhali kakanninmu sun rarrabe. Maiƙo daban, danƙo daban. Baƙin hayaƙin da ke rataye a rufin madafa kunkunniya ne, na gindin tukunyar tuwo ƙanzo, shi har ci ake yi.

Kaskon naki kuma, Hajiya, ki jiƙa shi da ruwan zafi da toka ya kwana, da safe ki bi shi da soson ƙarfe. Kada dai yaron ya ce zai gwada gazuwal irin namu, wata guda ƙosanki zai yi yana warin gareji.