Tambaya da Amsa: Shin In Tashi Daga Shiyarmu Saboda Makarantar Yaro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, ina haya a rukunin gidajen masu ƙaramin ƙarfi da ke bayan gari, tare da maiɗakina da 'ya'ya biyar. Babban ɗana zai kammala aji uku na ƙaramar sakandare a bana, makarantar gwamnati da ke kusa da mu kuwa ta cika maƙil, har wasu ɗalibai a ƙasa suke zama. Abokan aiki sun ce in nemi gida wajen Gesse ko GRA, wai ɗan talaka ba ya karatu a shiyar talakawa. In ci bashi in tashi, ko in bar shi inda yake? Daga wani magidanci, Birnin Kebbi.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya raya maka zuri'a. Maganar abokan aikinka tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a ƙasarmu ta fi ƙarfi ba. A mafi yawan garuruwan Amurka, adireshin gida ne ke zaɓa wa yaro makarantar gwamnati da zai shiga, kuma kaso mai tsoka na kuɗin tafiyar da makarantun daga harajin gidajen yankin yake fitowa, don haka unguwar da gidajenta ke da tsada ita ce ke samun makaranta mai kayan aiki. A 1994 gwamnatin ƙasar ta fara wani gwaji a birane biyar, inda ta taimaka wa iyalai matalauta da kuɗin haya suka koma unguwannin da talauci bai yi katutu ba. Binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2015 ya nuna cewa yaran da suka tashi kafin su kai shekara 13 sun girma suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 31 cikin ɗari, waɗanda suka haura wannan shekarun kuwa ba a ga sun amfana ba. Ka lura da abu biyu: da alama ɗanka ya riga ya wuce sha uku, sannan su gwamnati ce ta tallafa musu da haya, kai kuwa daga albashinka za ka biya.

A nan gida babu dokar da ta ɗaure yaro da makarantar shiyarsu. Abin da ke ɗaure shi kuɗin abin hawa ne, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Mu ƙaddara ɗan kabu-kabu zai karɓi naira 300 zuwa, 300 dawowa. Kwana biyar a mako, makonni kusan 39 a shekarar karatu, lissafin ya kama naira 117,000, wato fiye da albashin wata ɗaya da rabi na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Kuɗi ne mai yawa, ban musa ba, sai dai ka ajiye shi kusa da bambancin hayar shekara tsakanin inda kake da Gesse, ka ƙara da ladan dillali da kuɗin kwashe kaya, sannan ka ga wanne ya fi nauyi. A ganina, kai yaro makaranta mai nisa ya fi sauƙi a kan kai gida gaba ɗaya kusa da makaranta, balle ga ƙannensa huɗu suna tafe, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 shekara tara kawai ta wajabta kyauta, daga firamare zuwa ajin da ɗanka yake gamawa yanzu.

Inda shiya take yin tasiri na gaske shi ne bayan an tashi daga makaranta. Yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa, ga zafin Kebbi, ga wuta ba ta zama, in ya fito ƙofar gida kuma sa'o'insa duk suna garejin kanikawa ko bakin tasha, sai ya yi da gaske kafin ya buɗe littafi. Wannan kuwa ana iya gyara shi ba tare da an tashi ba: fitila mai aiki da hasken rana, tabarma a zaure, da abokan karatu biyu ko uku da za su riƙa haɗuwa bayan sallar isha'i.

Kada kuma fenti da dogon gini su ruɗe ka. Akwai makarantun kuɗi a shiyoyin masu hali da malamin lissafi ɗaya ke zagaya azuzuwa shida, akwai na gwamnati da bangonsu ya tsage amma malaman kimiyyarsu tsofaffin hannu ne. Ka je da kanka ranar karatu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ba da sassafe da kowa ke kan aikinsa ba. Ka leƙa aji ka ƙirga kawuna, ka karɓi littafin wani ɗalibi ka duba ranar da malami ya yi masa maki na ƙarshe, ka roƙi shugaban makaranta ya nuna maka sakamakon WAEC da NECO na shekaru uku, ka ga mutum nawa suka ci Turanci da lissafi, domin da su ake shiga jami'a.

Makarantar kwana ita ce a da take raba ɗan talaka da wannan matsala, tunda ta haɗa shi da ɗan mai kuɗi a ɗakin kwana ɗaya. Tun bayan sace ɗalibai a Jangebe a Fabrairun 2021 da Birnin Yauri a Yunin shekarar, ba na ba kowa shawararta kai tsaye. In za ka duba ta, ka fara da katanga da masu gadi da nisanta daga cikin gari, kuma ka nemi ra'ayin mahaifiyar yaron kafin ka sayi fom.