Tambaya da Amsa: Daidaita Fetur da Iska a Injin Rotari na Ƙaramin Jirgin Sama

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni makanike ne a Agege. Ni da wani abokina mai walda muna harhaɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu. Na sayo injin motar Mazda RX-8 na hannu a kasuwar Ladipo, saboda na ji an ce injin rotari ba shi da nauyi kuma yana da ƙarfi. Mun ɗaure shi a kan teburin ƙarfe muna gwaji, kafireta muka sa masa. Wani lokaci ya yi baƙin hayaƙi fulogi ya jiƙe, in na rage mai kuma salansa ta yi jawur kamar garwashi. Ogana ya ce in bi sauti kawai, inda ya fi daɗin kuka nan ne daidai. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaishe mini da ogan naka, amma a wannan karon kada ka bi maganarsa. A mota kunne yana taimako, domin in ka yi kuskure gefen titi yana nan. Injin rotari kuwa yakan yi kuka mai daɗi lafiya lau alhali yana cin kansa daga ciki, ga shi in an ɗaura farfela ƙararta za ta danne komai. Aunawa ake yi.

Injin da ka sayo shi ake kira 13B, ƙirar da ta samo asali daga Bajamushe Felix Wankel, wanda injinsa na farko ya tashi a 1957. Ba shi da fistin. Rota biyu ne a ciki, kowace ƙarfe ce mai kusurwa uku tana kewayawa, kuma a bakin kowace kusurwa akwai siririn sil mai yin aikin ringi. Ɗakin da mai ke ƙonewa dogo ne, siriri, kuma tafiya yake yi, shi ya sa kowace rota take da fulogi biyu. Duk da haka wani kaso na man ba ya gama ƙonewa sai ya isa bakin salansa. Saboda haka jan da ka gani ba lallai ne ya zama laifin hannunka ba. Hayaƙin rotari yakan kai digiri 870 zuwa 900 da ɗoriya a ma'aunin Salsiyos, ya fi na injin fistin zafi sosai. Salansar ƙarfen gama-gari ba za ta jure ba, tsagewa za ta yi. Ƙarfe marar tsatsa mai lamba 321 ake nema, kuma a nisanta ta da tiyon mai.

Yanzu ga lissafin. Fetur yana ƙonewa ƙurmus idan kilo 1 ya samu kilo 14.7 na iska. Da nauyi ake aunawa, ba da lita ba. In da lita ne, lita ɗaya ta fetur tana shan iska wajen lita 9,000. Amma injin ba a 14.7 yake ba da cikakken ƙarfinsa ba. Lokacin tashi da hawa, totur a buɗe gaba ɗaya, ana son haɗin ya yi kauri, wato mai ya ɗan rinjayi iska, tsakanin 12.5 da 13. Rarar man tana sanyaya ciki, tana kuma hana mai fashewa ba bisa ƙa'ida ba, irin bugun da ke karya sil ɗin kusurwa, musamman a injin da aka ɗora wa turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska. In haɗin ya gangara ƙasa da 11, shi ne baƙin hayaƙi da jiƙaƙƙen fulogin da kake gani. In ya haura wajen 14.7, a nan zafin hayaƙi yake kai ƙololuwa. Ka ga ke nan kana tsalle ne daga wannan gefe zuwa wancan, ba ka da abin da zai nuna maka tsakiya.

Abu biyu za ka saya kafin ka sake taɓa sukurun kafireta. Na farko na'urar auna iskar oksijin a cikin hayaƙi, irin wadda take nuna lamba a agogo daga wajen 10 zuwa 20, ba wadda take cewa kauri ko tsinkewa kawai ba. Na biyu ma'aunin zafin hayaƙi, kowace rota da nata. Na nace a kan kowace rota da nata domin agogo ɗaya yana iya nuna maka 13, alhali rota ta gaba tana 12 ta baya tana 14. Ka kuma sani cewa in fulogi yana tsallake wuta, ko salansa tana da ɓuli kusa da na'urar, agogon zai ce mai ya yi kaɗan ko da ya yi yawa, saboda iskar da ba ta ƙone ba yake gani. Mutum ya yi ta ƙara mai yana ƙara ɓata lamarin.

Duk wannan a ƙasa ne. Abin da ya raba jirgi da mota shi ne iska tana raguwa in ana hawa. A ƙafa 8,000 nauyin iskar bai wuce kashi 79 cikin 100 na wanda ke bakin teku ba. Kafireta ba ta san da wannan ba. Wadda ka saita a 13 a Agege za ta koma wajen 11.5 a can sama, injin ya yi nauyi, mai ya tafi a banza. Dalilin ke nan jiragen fistin suke da jan maɓalli kusa da totur wanda matuƙi ke rage mai da shi. Kafiretar mota ba ta da shi, kuma wannan kaɗai ya isa a cire ta daga jirgi. Haɗarin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na saukowa: matuƙi ya rage mai a sama, ya gangaro cikin iska mai nauyi ya manta bai mayar ba, sai ya buƙaci cikakken totur a kusa da ƙasa, injin ya yi tari ko ya ɗauke. Zafi ma yana rage iska. Filin jirgin Murtala Muhammed kusan a bakin teku yake, amma a ranar da zafi ya kai digiri 32 injin ji yake kamar yana ƙafa 2,000. Filin Jos kuwa ya haura ƙafa 4,000 tun kafin a lissafa zafin rana. Ga laimar Legas: a maƙogwaron kafireta iska tana yin sanyi ƙwarai, ƙanƙara tana iya taruwa a wurin ko da a waje gumi ake yi.

Shawarata ita ce ka koma nozul, wato mai fesa wa injin fetur a madadin kafireta, kamar yadda Mazda ta ƙera shi, amma ba da kwamfutar motar ba. Ita an tsara ta ne don titi: tana neman makullinta na asali, tana neman 14.7 a tafiyar yau da kullum, in ta ga abin da bai yi mata ba ta rage ƙarfin injin da kanta. Masu wannan aiki a Amurka suna sa kwamfuta mai zaman kanta wadda take auna matsin iskar da ke shiga injin da zafinta, ga maɓallin ƙara mai ko ragewa da hannu a gaban matuƙi. Famfon mai biyu suke sawa, da batir na ko-ta-kwana, domin injin nozul in wuta ta ɗauke ya mutu ke nan.

Akwai haɗi na biyu da ba ka tambaya ba, kuma ina roƙonka ka duba shi yau. Sil ɗin kusurwa ba ya wanka da baƙin mai kamar ringin fistin; wani ɗan famfo ne yake ɗiga masa mai, kuma a RX-8 kwamfutar motar ce take sarrafa famfon. Tunda kafireta ka sa, akwai yiwuwar injin yana ta gudu sil ɗin ba ya samun man da ya ishe shi. Mafita ita ce a zuba mai a cikin fetur, kamar yadda kake yi wa ƙaramin janaretan shago, da man injin tu-sitirok mai kyau wanda ba ya barin toka. Wanda ya cire famfon yakan sa kashi 1 cikin 100 zuwa 1 cikin 128, wato mililita 200 zuwa 250 a jarka mai lita 25. A jarkar za ka haɗa ka girgiza, da kofin awo, ba da ido ba. Ka kuma tabbatar kwamfutar da za ka sa ba ta yanke fetur in an saki totur, domin a saukowa farfela tana ci gaba da juya injin, in babu fetur babu man shafawa. Kafin ka ci gaba, ka sa a auna kwamfureshan ɗin kowace fuska ta rota biyun, fuska shida ke nan.

TAMBAYA: Injiniya, ɗalibi ne ni daga Idi-Araba. Shin irin wannan injin fetur ɗin gidan mai zai sha ko na jirgi?

AMSA: Ɗana, rotari marar turbo ya fi son fetur ɗin mota. Na ƙananan jirage, 100LL, yana da dalma, ita kuma tana taruwa a bakin fulogi tana kashe na'urar auna oksijin da wuri. Matsalar na gidan mai ita ce tsabta. Ka tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja. Gwajin mai sauƙi ne: zuba ruwa kaɗan a kwalba, yi alama, ƙara fetur ninki tara, girgiza ka ajiye. In ruwan ya haura alamar, akwai sinadarin barasa a ciki, kada ya shiga tanki. Fetur ɗin mota kuma yana saurin zama tururi a tiyo mai zafi, don haka famfo ya zauna ƙasa da tanki, nesa da salansa.

TAMBAYA: Malam, ni mahaifiya ce a Mile 12. Yarona ya sa irin wannan aiki a gaba, hankalina bai kwanta ba. Hukuma ta yarda da shi kuwa?

AMSA: Hajiya, damuwarki tana kan hanya, Allah ya kwantar miki da hankali. Harhaɗa jirgi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: Air Beetle da sojojin sama suka koyi tuƙi da shi a Kaduna aka harhaɗa shi, daga ƙirar RV-6A ta kamfanin Van's, wadda mutane ke haɗawa a garejin gidajensu a Amurka. Amma tashi da shi sai da rajista da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kuma sai mai lasisin tuƙi. A Amurka ma, jirgin da aka sa wa injin mota sai ya gama gwajin tashi a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja. Kada ki hana shi aikin. Ki ce ya je ofishin hukumar a Ikeja tun yanzu, kafin ya rufe fukafukai, domin masu dubawa za su so ganin cikinsu. In kuma da hali, ki tura shi Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyi.