Kar ka hura wa silindar nan iska

Malam, da na karanta cewa rodin silindar katafilarka, wato sandar ƙarfen da mai ke turowa, ya cije, har yaranka sun ce a jona masa iskar kwamfureso a turo shi, wallahi sai da gabana ya faɗi. Don Allah kar ka yarda.

A wani gareji wajen Ringim na yi aiki, inda masu ɗiban yashi ke kawo gyara. Aka kawo irin taka, mai katafilar ya ce ba shi da lokacin jira, a sa tiyon iska. Man da ke aiki a silinda ba ya matsuwa, a hankali yake turo rodi. Iska kuwa taruwa take yi a ciki shiru, sai ta saki gaba ɗaya. Matsin iska na bar 8 kawai (bar shi ne ma'aunin matsi), a fistin mai faɗin santimita 10 da ke cikin silindar, ya fi nauyin kilo 600. Rodin ya fito ya daki wani yaronmu a ƙwauri, ƙashi a waje, mai da jini sun cakuɗe a ƙasa.

Ka san abin da mutumin nan ya fara tambaya? Wai ko rodin ya lanƙwashe. Ya ce yaron ne ya tsaya a gaba, alhali shi ya ce masa ya riƙe. Ko kuɗin motar kai shi asibiti a Dutse bai bayar ba, karo-karo muka yi. Uwar yaron ta zo har gareji, ya shige mota ya bar ta tsaye a rana. Yaron har yau ɗingishi yake, ya bar sana'ar. Shi da Allah.

Kai dai ka ɗaure silindar da kyau, ka kwance murfin, ka ja rodin da cen-bulok, wato sarƙar ɗaga kaya mai nauyi, sannu a hankali. Kafin ka taɓa komai a jikin mota, sauke bokiti ƙasa, kashe inji, ka kaɗa libobi ƙarfin man ya sauka. Yoyon man da ka ce yana dawowa, bi rodin da farce. In farcenka ya maƙale a wani karce, ko sil (robar da ke hana mai yoyo) nawa ka sa zai yanke shi, sai an gyara rodin. Ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon sil ɗin a hannunka, har da na bakin nan mai share ƙura, don ƙurar hunturu ce ke cin su.

Kuma kar ka lalubi yoyon tiyo da hannu, sa kwali. Man katafila yana haura bar 300, ta ƙarƙashin fata yake shiga.

Ba ka tambaya ba, amma in fayif ɗin roba na ruwa ka ja wa iska a garejin, cire shi ka sa na ƙarfe, tarwatsewa yake yi. Tankin kwamfureson ma a riƙa zubar da ruwansa kullum, tsatsa daga ciki take ci. Yaran nan masu kakkaɓe riga da tiyon iska kuma, ka tsawata musu tun yau.