Wane Injin Lesa Zan Fara Saya?

Tambaya: Malam, jakunkunan fata nake ɗinkawa a Agege, ina son injin lesa na zana sunaye. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, in dai fata ce da katako, ƙaramin injin lesa (mai zane da yanka da haske mai ƙarfi) nau'in diyod mai wat 10 ya ishe ka. Sai dai haskensa shuɗi ne, ratsa akirilik (robar nan mai kama da gilashi) mai garai-garai yake yi ba ya yanka shi. Yankan akirilik irin wannan aikin injin lesa nau'in CO2 ne, wat 40 zuwa sama, shi kuma bututunsa kan fashe in ruwan sanyaya shi ya tsaya. Da irin wutar Legas, kar ka kunna ba sitabilaiza. Ka guji fatar roba ta PVC: hayaƙinta guba ne, kuma yana sa ƙarfen injin tsatsa. Tabaran kare ido daga hasken lesa dole ne.