Tsuntsun shinkafa na Java ba ya ƙwai a buɗaɗɗiyar sheƙa

Ɗana, ka ce ka rataya wa tsuntsayen Java kwandon sheƙa irin na kanari, har yau shiru. Matsalar daga kwandon take.

Asalin tsuntsun nan tsibiran Java da Bali ne a Indunusiya. Mutane suka kai shi Zanzibar da Pemba da Fiji da Hawai, ya yaɗu. Duk inda ya sauka, rami yake nema: kogon bishiya, tsagar bango, ƙarƙashin rufin gida. Can yake cusa busasshiyar ciyawa ya yi sheƙa, shi ya sa zaman gari ya karɓe shi. Wurin da ido ke ganin ƙwai, macen ba ta yarda da shi.

To ka ƙera akwatin katako, faɗi santimita 15, tsayi 20, ƙofar rami santimita 5 daga can sama, da sandar sauka a bakinta. Rataye shi a saman keji, inda ba hayaniya. Ka zuba ciyawa kaɗan a ciki, sauran ka bar musu a ƙasa. Ɗibar ciyawar ma tana motsa su.

Amma tukuna, ka tabbata namiji da mace ka haɗa, domin launinsu ɗaya ne. Namiji ne mai waƙa yana tsalle a kan sanda, gindin bakinsa ya fi kauri, jan zoben idonsa ya fi ƙarfi. Mata biyu kan cika akwati da ƙwai, ko ɗaya ba zai ƙyanƙyashe ba.

Macen kan yi fararen ƙwai 4 zuwa 6, wani lokaci 8, ɗaya a rana. Su biyun suke kwanci, kwana 14 zuwa 18. 'Ya'yan kan fito daga akwati bayan mako huɗu ko ɗan fiye, bakinsu baƙi-baƙi. Jan sai daga baya. Kada ka yawaita leƙe, suna iya barin ƙwan ya huce.

Abinci kuwa shanshera da gero, da ganye. Idan sun ƙyanƙyashe, ka ƙara dafaffen ƙwai da jiƙaƙƙen gero, ka kwashe ragowar kafin ta yi tsami. Dakakken ɓawon ƙwai kada ya yanke, rashinsa ke sa ƙwai ya maƙale wa mace ta mutu. Wadda ba ta kusa shekara ba, kada ka haɗa ta. Bayan ƙyanƙyasa biyu ko uku ka cire akwatin ta huta.